Kwatar da Tela Ya Toshe

Akwai wani tela da ya gaji tsohon gidan mahaifinsa. Ya iya ɗinki, amma girman kai ya yi masa yawa.

Damina na faɗuwa, bangon ɗakin matarsa ya fara jiƙewa daga ƙasa. Damshi ya hau har gwiwa, fenti na kumbura, ɗakin sai warin funfuna. 'Yarsu ta goye ta kama tari, numfashi da ƙyar.

Ya sake fenti, ya ɓare. Ya yaɓa siminti, ya zubo. Ya sayar da keken ɗinkinsa ya canza kwanon rufi, duk a banza.

Likita ya ce muddin yarinyar na kwana a ɗakin nan, magani asara ne. Matar ta ɗaure kayanta ta ce, "Maigida, ba zan binne 'yata saboda bango ba. Ko ka gyara, ko mu tafi gidanmu."

Dole ya kira magini. Magini ya shafa bangon, ya zaga gidan, ya ce, "Ruwan nan ba daga rufi yake ba. Wa ya toshe kwatar nan?"

Tela ya sunkuyar da kai. Bara ya yi faɗa da maƙwabciyarsa, wata tsohuwa mai wankau, ya rantse ruwan gidanta ba zai ƙara bi ta ƙofarsa ba, ya liƙe kwatar da siminti. Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Sai ya kwanta a gindin bangonsa.

Ya shiga gidanta ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Sannu, sarkin kwata. Ruwan wanki da bokiti nake kwashewa, bayana ya shaida. Na sama kuwa ba ni da iko da shi. Kawo mini jikata, 'yar nan taka, ɗakina a bushe yake. Kai kuma ɗauko diga."

Da hannunsa ya fasa. Ya kankare simintin, ya bar bangon ya sha iska har ya bushe. Tarin yarinyar kuwa, a kan gadon matar da ya zalunta ya warke.

Darasi: Kada ka yi wa ciwo fenti, nemo tushensa. Hanyar da ka toshe wa maƙwabci, gidanka za ta ci. Ku tura wa masu taurin kai, kun san su.