Taimamar Ciyaman

An taɓa yin wani Ciyaman da gwamnati ta ba shi kuɗi a auna ƙasar tsohon kamfanin jimar fata, a kwashe gubar da ke cikinta, a mai da filin kasuwar abinci. Gogan naka ya shafa wa katanga fenti, ya ce aiki ya kammala. 'Yan kasuwa suka ƙi tarewa, sai ya tara su a filin.

Ya ce, "Duk mai cewa akwai guba a nan, ya nuno mini ita a tafin hannu. In ba haka ba, gobe in rushe rumfunanku, kowa ya dawo nan."

Jatau mai tsire ya rusuna. "Ranka ya daɗe, wa zai ja da kai? Ƙasa ta tsarkaka ke nan?"

"Tas!"

"Madalla. Ga La'asar ta yi, famfon wurin kuwa ko ɗigo. Bisimilla, ka yi taimama, mu bi bayanka."

Ciyaman ya dubi ƙasar, kore-kore da ita, tana tashin wari. Ya cusa hannuwa cikin babbar riga. "Ai ina da alwala."

"To faɗuwa ta zo daidai da zama. Ja mu salla. Ba ma sai an shimfiɗa tabarma ba, goshi ya sha ƙasa mai tsarki."

"Ni? Goshina a kan wannan masifar?"

Jatau ya ce, "Jama'a kun ji sunanta daga bakinsa. Mu kam mun zo nuna ta a tafin hannu, ranka ya daɗe, kai ne ka ɓoye tafin."