Ganyen Da Tsutsa Ba Ta Taɓa Ba

Akwai wata mata da ke noman kayan lambu a 'yar gonar da mijinta ya rasu ya bari a bayan gari. Alayyafo, latas, tumatir da albasa take shukawa. Duk ranar kasuwar manoma tana da teburinta kusa da famfo, kuma kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta fesa maganin ƙwari. Toka take barbaɗawa, sannan ta bi ganye da hannu tana tsince tsutsa. Shi ya sa ganyenta bai taɓa zuwa kasuwa babu huji ba.

Wani tsohon malamin makaranta yakan ɗaga ɗauri ɗaya, ya leƙe ta ta cikin hujin.

"Inna, tsutsa ta ci ta ƙoshi, mu kuma kin kawo mana ragowa."

"Malam, ita da ta ci ai ta kwana lafiya. Ɗauri nawa za a ba ka?"

Cikin masu sayenta akwai wata nas da mahaifiyarta ke fama da ciwon ƙoda. Ba ta sayen ganye a ko'ina sai a teburin Inna, ba ta kuma taɓa neman ragi ba.

Da shekaru suka ja, gwiwoyin Inna suka fara ƙi. Likita ya ce ta daina doguwar tsayuwa. Ita ma dama burinta ke nan: ta damƙa wa babban ɗanta teburin, ta zauna a gida ta huta. Sai ta kai shi kasuwa, ta nuna wa mutanenta shi ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ɗana. Hannunsa hannuna ne. Abin da ya ba ku, ni na ba ku."

Ta koma gida da zuciya fari tas. Ɗan kuwa ya riƙe kasuwa kamar an haife shi a cikinta. Ya fita da asuba a babur, ya dawo da kwanduna wayam, ciniki har ya fi na da. Inna ta riƙa yabonsa a gaban ƙannensa, tana cewa su yi koyi da Yayansu.

Wata rana nas ɗin nan ta biyo daga kasuwa don ta duba jikin Inna. Bayan gaisuwa, ta buɗe jakarta tana dariya.

"Inna, me kuka yi wa tsutsotsin nan ne? Dubi yadda ganyenku ya yi kyau yanzu. Ga karas ma, Mama har santi take yi."

Inna ta karɓi ɗaurin alayyafon. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ganye fato-fato, yana sheƙi, ko huji ɗaya babu. An ɗaure shi da zaren buhu irin nata, ƙulli irin nata. Karas kuwa, bana ko ƙwaya ɗaya ba su shuka ba.

Ta dubi baƙuwarta, ta tuna mai wannan aikin ɗanta ne, ɗan fari. Sai ta miƙa mata ganyen, ta ce, "Allah ya ƙara wa Mama sauƙi."

Da ɗan ya dawo, ko kwandunan bai gama saukewa ba ta kira shi.

"Karas ɗin wace gona kake sayar wa mutanena?"

Ya sosa ƙeya. Daga baya ya faɗa. Kullum yakan biya ta wurin dillalan babbar kasuwa ya yi sari, ya kwance robar da suka ɗaure kayan da ita, ya sake ɗaurewa da zaren gida.

"Inna, gonar nan ba ta cika tebur. Kafin hantsi namu ya ƙare, mutane na tsaye. In ce musu me?"

"Ka ce ya ƙare. Ni haka nake cewa."

"Haba Inna, ganye ai ganye ne. Wa ya mutu?"

"Zaren ne ya fi ƙona mini rai," in ji ta. "Da ka bar robarsu, sai in ce kwaɗayi ne ya ja ka. Amma ka zauna ka yi ƙulli irin nawa. Ni na koya maka ƙullin nan kana yaro."

Ranar kasuwa ta gaba ta sa ya ɗauke ta a babur, da 'yan kwandunan da gonar ta bayar. Da mutane suka taru ana yi mata barka da fitowa, ta dubi ɗanta ta ce ya yi musu bayani. Ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Sai ta dafa tebur ta miƙe, ta faɗa da bakinta: tun da ta daina zuwa, rabin abin da suke saye ba na gonarta ba ne, kuma ba ta san abin da aka fesa masa ba.

Wasu suka ajiye abin da suka ɗauka suka wuce.

Nas ɗin ta matso kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, shi ban san shi ba, ke na sani. Har gida na kawo miki ganyen nan, kika riƙe shi a hannunki. Kin gane a lokacin, ko ba ki gane ba?"

"Na gane, 'yata."

"Kika bar ni na tafi da shi. A ranar na dafa wa Mama."

Nas ta rataya jakarta ta tafi. Har yau in ta shigo kasuwar takan gaida Inna cikin ladabi, ta wuce teburin gaba.

Tsohon malamin ne ya daɗe a tsaye. Ranar bai yi wasa ba.

"Ni zan ci gaba da saye, tunda kin faɗa da kanki. Amma sai kina nan. In na zo na tarar da shi shi kaɗai, zan gaishe shi in yi gaba."

Waɗanda suka rage suka ce su ma haka.

Hutun da Inna ta yi ta jira bai samu ba ke nan. Aka saya mata kujerar roba, aka ajiye a bayan tebur. Duk ranar kasuwa sai an ɗora ta a babur tana cije leɓe, an sauke ta da ƙyar. Ɗan ya daina biyawa ta wurin dillalai, shi ke lodi, shi ke saukewa, shi ke awo. Amma in ya miƙa wa mai saye ɗaurin ganye, mai sayen ba ya karɓa nan take. Sai ya leƙa ta bayan kafaɗarsa ya dubi tsohuwar, ya jira ta gyaɗa kai.

Darasi: Idan wani ya tsaya maka da sunansa, da mutuncinsa kake ciniki, kuma in ka ɓata shi, shi zai fi ka shan wahalar gyarawa. Mu kuma iyaye, kada son 'ya'ya ya sa mu yi shiru a lokacin da ya kamata mu yi magana. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'ar gida da ke shirin miƙa ta ga 'ya'yansu.