Benci na Uku Kusa da Taga

Akwai wata malamar firamare da kowa ke kira Malama Kwali. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama ku ji yadda ta kaya tsakaninta da hedimastanta.

Tsince-tsince ne ya ja mata sunan. Ba ta wuce kwalin sabulu ko murfin kwalba a hanya ba ta duƙa ta ɗauka ba, domin da su take koyar da lissafi da kimiyya a aji biyar. Mijinta yakan ce wata rana shi ma za ta yanka shi da almakashi ta manna a bango.

Shekara uku tana tare da yaran nan, tun suna aji uku. Ta san mai zuwa ba karin kumallo, ta san mai ƙaryar ciwon ciki ranar lissafi. In ka ce ta zaɓa tsakanin ƙarin girma da ajin nan, ba za ta bari ka rufe baki ba.

Abin alfaharin ajin shi ne bencunansa. Lokacin da ta karɓe shi, duk a karye suke. Ta lallaɓi wani kafinta cikin iyayen yara ya ara musu guduma da zarto, ya nuna musu yadda ake buga ƙusa. Asabar huɗu suka yi suna aiki, suka shafa ragowar fenti shuɗi da kore, kowane benci da lambarsa.

To, makarantar tana da abokiyar hulɗa a ƙasar waje. Kowane zango yaran Malama Kwali suna musayar wasiƙa da wani aji na can, kowa da abokinsa. Ƙa'ida ce sai wasiƙun sun bi ta ofishin Hedimasta ya buga musu hatimi.

Shi kuwa Hedimasta ya fi son hatimi a kan karatu. Yakan jera takardun a tebur ya bi su dum, dum, dum, bai taɓa tsayawa ya ga abin da ke ciki ba. A cewarsa shirmen yara ne.

Wata rana takardar gayyata ta iso. Makarantar can tana son Hedimasta da malamar ajin wasiƙa su zo ziyarar kwana goma.

Ranar da Malama ta tafi karɓo fasfo ba ta dawo ba sai daf da tashin makaranta. Tana shiga aji ta ga benci na bakwai a gaba, na ɗaya a can ƙurya. Yaran sun yi tsit, wanda ba halinsu ba ne.

Ta kira Monita, yarinyar da ke rubuta sunan masu surutu, ta tambaye ta abin da ya faru.

"Malama, Hedimasta ne ya sa aka kwashe bencunan aka kai bayan ofis. Ya ce mu cire takalma mu zauna a ƙasa, kar kowa ya yi dariya. Sai aka ɗauke mu hoto."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malama, don Allah kar ƙawata ta can ta gani. Na rubuta mata cewa Baba ya saya mini sabon takalmi. Za ta ce ni maƙaryaciya ce."

Ran Malama ya ɓaci ƙwarai. Ta dafa kan yarinyar ta ce ba za a yi wannan ƙarya da ita ba, sannan ta miƙe sai ofis.

"Ranka ya daɗe, me ya kai bencunan ajina bayan ofis?"

Hedimasta ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Malama, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mutanen can ba sa buɗe hannu sai sun ga abin tausayi. So kike mu nuna musu shuɗi da kore su ce mun wadata?"

"Rufin bayan ajina yana yoyo, littafi ɗaya yara huɗu. Wannan gaskiya ce, a nuna musu ita."

"Yoyo ba ya sa hawaye, ƙafa ba takalmi ke sa hawaye. Kuma ke za ki tsaya ki yi bayanin hoton, don ajinki ne."

"Yaran can sun san ajina fiye da yadda kake zato. Ka taɓa duba wasiƙun kuwa?"

Ya ɗaga mata hannu. "Ba ni da lokacin shirme. Ki saurara da kyau. In kika ƙi, muna dawowa zan miƙa ajin ga wani, ke kuma ki koma kula da ɗakin ajiya, tunda kwalaye kike so."

Malama ta tsaya tana kallonsa har ya kawar da ido. Ta ce, "Tafiya zan yi ta. Amma bakina ba zai faɗi abin da idona bai gani ba."

Ya yi dariya abinsa, yana ganin sanyin ƙasar waje zai lausasa ta.

A gida ma ba ta samu goyon baya nan take ba. Mijinta yana taya ta danne jaka, wadda kwalaye suka fi tufafi yawa a ciki, ya ce, "Hoto ne fa kawai. Minti biyu ki yi magana ki sauka."

Ta ce, "A wurinka ne minti biyu, maigida. Yarinyar nan da shi za ta girma."

"To in ya ƙwace ajin fa?"

Abin da take tsoro ke nan. Ba ta iya tunanin jin muryar wani malami daga ajin, ita tana ƙirga tsintsiya da bokiti. Can ta nisa ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Suka isa ƙasar cikin sanyi mai shiga ƙashi. Malamar ajin can ce ta tarye su, wata doguwa mai saurin tafiya, wadda Malama ta laƙaba wa Mai Tabarau a zuciyarta. Makarantar tsaf, kowane yaro da teburinsa, littattafai har sama.

Hedimasta sai cewa yake, "Kin gani ko? Waɗannan ko ragowarsu ta ishe mu."

Malama kuwa sai ta nemi a ba ta aji. Da kwalbar roba da balan-balan biyu ta haɗa musu huhu, tana jan roba a ƙasa yana kumbura. Yaran da suka saba ganin komai a allon kwamfuta suka yi ta rububin taɓawa.

A kwana na uku ta hango wata kujera mai karyayyar ƙafa an jingine ta a bakin ƙofa. Mai Tabarau ta ce ta shara ce. Malama ta riƙe baki ta ce, "Wannan lafiyayyar? Ku samo mini guduma." Kafin a tashi yaran sun gyara ta da hannunsu, har ana faɗa a kan wanda zai fara zama.

A kwana na takwas aka tara iyaye da malamai da yara a babban ɗakin taro da hantsi. Hedimasta ya sha kwat, ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya sa aka kunna majigi.

Hoton ya cika bango. Ga yara zube a ƙasa, ƙafafu a waje, ga Monita a gefe ta rufe fuska da hannu. Ɗakin ya ɗauki guna-gunin tausayi, wata mata har ta ciro hankici.

Hedimasta ya ce, "Yanzu malamar ajin za ta yi muku bayanin halin da suke ciki."

Malama ta tashi ta taka har gaba. Ta karɓi makirufo ta ce, "Don Allah a kashe hoton nan. Ba zan yi magana a kansa ba, domin ba haka ajina yake ba."

Hedimasta ya matso, yana murmushi ga jama'a, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora. "Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ɗakin ajiya."

Ya fizge makirufon ya ce a yi mata uzuri, kunyar talauci ce ke damunta. Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa yaran nan ba su taɓa sanin daɗin zama a benci ba tunda aka haife su.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, jama'a. Wata ƙaramar yarinya mai giɓi ta ɗaga hannu daga layin gaba, ba ta ma jira izini ba ta miƙe.

"Waccan mai rufe fuska ƙawata ce. A benci na uku take zama, kusa da taga. Shuɗi ne. Ita ta buga masa ƙusa, har guduma ta same ta a babban yatsa. Ina bencin yake? Kuma ina sabon takalminta?"

Kafin a ce kwabo hannaye sun tashi ko'ina. Wannan ya ce abokinsa a na tara yake, wancan ya ce nasa kore ne mai ɗan girgiɗi. Mai Tabarau ta fita da saurin nan nata, ta dawo rungume da fayil cike da wasiƙu, ta ajiye gaban shugabar makarantar.

Shugabar ta buɗa tana dubawa. Kusan kowace wasiƙa da zanen benci, wasu har da kafinta riƙe da zarto. Ta ɗaga ɗaya, ta nuna ƙasanta da yatsa, ta dubi Hedimasta.

"Wannan ba hatiminka ba ne?"

Nasa ne kuwa, raɗau, a kan kowace takarda. Shi da hannunsa ya tabbatar da shaidar da ta kayar da shi. Duk sanyin garin sai ga Hedimasta yana share gumi.

Shugabar ta juya ga Malama ta ce, "Ke muke saurare."

Da wata ce ta samu wannan dama, da ta yi masa wankin babban bargo. Malama ba ta yi ba. Ta ce, "Bencunanmu suna nan, ranar hoton aka fitar da su. Hedimastana yana son makarantarsa, hanya ce ya ɓata. Gaskiyar ita ce rufinmu yana yoyo, littattafanmu sun yi kaɗan. Amma ba bara muka zo ba. Yarana suna da abin da za su koya daga naku, naku ma suna da abin koya daga nawa. In da wannan za a yi hulɗa, bismillah. In kuwa sai mun cire takalma, to mu koma gida da takalmanmu."

Matar nan mai hankici ce ta fara tafi.

Washegari aka sabunta yarjejeniyar makarantun biyu. Shugabar ta sa aka rubuta ƙarara cewa hulɗar tsakanin ajin Mai Tabarau ce da ajin Malama Kwali, kuma Malama Kwali ce za ta riƙe ajinta har yaran su gama firamare. In an raba ta da ajin, yarjejeniya ta warware. Aka ƙara da batun littattafai da gyaran rufi.

Aka miƙa wa Hedimasta takardar. Ya ciro hatimi, ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Sau biyu ya karanta ta daga sama har ƙasa kafin ya buga.

A jirgin dawowa, sai da suka kusa sauka ya yi mata magana. Yana kallon taga ya ce, "Malama, maganar ɗakin ajiya, a bar ta." Ta ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe," ta ci gaba da naɗe kwalin abincin jirgi tana sawa a jaka.

Ranar Litinin tana shiga aji yara suka yi mata caa. Monita kaɗai ta tsaya a baya. Sai da kowa ya zauna ta matso a hankali.

"Malama, ta gani?"

Malama ba ta yi mata ƙarya ba. "Ta gani. Kuma ta miƙe a gaban manya da yara ta ce ba haka ƙawarta take ba."

Ta miƙa mata ambulan. A ciki hoton yarinyar nan mai giɓi ne, zaune a kan kujerar da suka gyara. Sun shafa mata fenti shuɗi, sun rubuta lamba uku a jikinta, sun ajiye ta kusa da taga.

Monita ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta koma bencinta, ta miƙe ƙafafu gaba yadda kowa zai ga takalmin.

Darasi: Kada ka sayar da mutuncin waɗanda aka ba ka amana don neman tausayin wani. Gaskiya ko da ɗaci ba ta kunyata mai ita, kuma duk wanda ya raina maganar ƙaramin yaro, wata rana ita za ta tona shi. Ku tura wa malaman da kuka sani da iyayen yara, wataƙila akwai mai buƙatar ƙarfin gwiwar cewa a'a.