Malafar Sallau Mai Injin Niƙa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don in na gama sai kun yanke hukunci, ba wanda zai zame mini.

A wani gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa akwai 'yan wasan kwaikwayo da ke hawa dandamali a ɗakin taro duk Asabar bayan la'asar. Su ba sa rubuta wasansu. Shugabansu, Malam Tanimu, zai zaunar da su ya faɗa musu labarin, shi ke nan. In an hau, wannan ya jefa magana, wancan ya cafe ya mayar. Wurin cafewar nan kuwa babu kamar Sallau, mai injin niƙa na bakin kasuwa. Yana da wata tsohuwar malafa da gefenta ya zazzage. Da ya ɗora ta ya leƙo, tun bai buɗe baki ba ɗaki ya ɗauki dariya. Don shi ake zuwa. Sauran, Allah ya ba su haƙuri, rakiya suke yi.

A ɓangaren mata, bencin gaba na wasu aminai uku ne, duk sun aurar da 'ya'ya: Tabawa mai ƙosai, Azumi mai kitso, da Kubura mai saƙar faifai. Tabawa ta fi su zafi. Ranar wasa ba ta suyar yamma, tana kashe wuta tun azahar ta yi wanka ta ɗauro ɗankwali, ko wa ya zo da kwano sai dai ya koma.

Sai Sallau ya fara fashin zuwa wasa. Yau a ce ciki ne ya murɗe shi, wani satin a ce ya tafi gaisuwar mutuwa ƙauye, na gaba a ce inji ya lalace. Alhali da safe kowa ya gan shi a bakin injin, fari fat da gari, lafiyarsa ƙalau. Mutane su taru, a buɗe labule, babu malafa. Abu ya yi ta maimaituwa har aka fara jifan dandamali da ɓawon rake. Wasu suka ce kansa ya kumbura. Wasu suka ce masu fim na birni ne suka kira shi, shi ya sa yake ganin mutanen garinsu ba su kai ba. Tabawa kuwa abin ya tsaya mata a wuya. Ita da ke barin kaskonta saboda shi, shi ne zai shanya ta a benci kamar wanki? Kubura ta miƙe a gaban jama'a ta rantse da Allah ba za ta ƙara taka ɗakin nan ba, ta ja mayafinta ta fita.

Da benci ya fara zama wayam, Malam Tanimu ya yanke shawara. Wata Asabar ya fito da malafar, don a wurinsa ake ajiye kayan wasa, ya ce daga yau wani ne zai riƙa sa ta, zancen Sallau ya ƙare. Yana ɗaga ta zai ɗora wa wancan, sai Azumi ta tashi. Mace mai kunya ce, ko a gidan biki ba a jin muryarta. Amma ta hau dandamalin nan da ƙafarta, ta fizge malafar daga hannunsa.

Ta ce, "Malam, ko kora za a yi, a bari mai ita ya zo ya cire da hannunsa."

Ta tafi da ita gida ta rufe a kwalla. An kira ta ɓarauniya, an kai ƙararta wurin mai unguwa, matan da take yi wa kitso rabi suka sauya gida, ɗanta ya yi kwanaki bai gaishe ta da sakin fuska ba. Ba ta bayar ba. Sabon ɗan wasan kuwa da ya hau da wata malafa ta kasuwa, ihu aka yi masa har ya sauka. Dole Malam Tanimu ya ɗaga ƙafa zuwa wasan Sallah. Ya ce in Sallau bai hau ranar ba, to ko da malafa ko babu, an gama da shi.

Ita Tabawa ba ceto ta tafi yi ba, ku ji da kyau, zagi ta tafi yi. Ta same shi da rana tsaka, injin a kashe, ya ba ƙofa baya yana ɗaure bel ɗin injin. Ta tsaya daf da shi ta fara: "Kai Sallau, ɗan rainin wayo, mu ne abin wasanka? Mu muka ɗaga ka, da tafinmu ka yi suna, yau mun zama bola?" Ta zazzage masa duk abin da ta tara. Bai juyo ba. Wannan ya ƙara tunzura ta, ta ɗauki kwanon awo ta maka da ƙasa. Kajin da ke tsintar tsaba suka watse, jakin da ke ɗaure a waje ya zabura. Sallau ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Nan ta gane ba raini ba ne. Ta zagayo gabansa. Ya ɗago a firgice, idonsa ya tafi kan bakinta, ba kan idonta ba.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Yaya Tabawa, ɗaga murya." Sai ya zauna a kan buhu ya faɗa mata. Ƙarar inji ce ta cinye kunnen a hankali, kuma a asibiti an ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Hawansa na ƙarshe, an jefa masa magana yana ganin baki na motsi, ɗaki ya yi tsit ana jiran amsarsa, shi kuma ba abin da ya cafe. Ya ce gara a ce masa mai girman kai da a ce masa kurma. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri.

Ba ta rufa ba. Haushinta ma ƙaruwa ya yi, na ƙaryar da ya yi musu da na zagin da ta yi a banza. Kafin ta kai gida ta tsaya a rumfar mahauta da ta masu kayan miya ta faɗa, ta haɗa da cewa duk wanda ya jefi dandamali da ɓawon rake ya je ya nemi gafara. Sallau ya ji ciwon abin ƙwarai, ya daina amsa gaisuwarta. Amma daga ranar zagi ya mutu a garin, kuma ta haka labari ya isa kunnen Kubura.

Kubura ta raini 'ya kurma tun daga goyo har ɗakin miji, saboda haka maganar hannu a wurinta kamar shan ruwa ce. Ta je bakin injin ta ce masa ya daina zumɓura baki, ba shi ne farau ba. Kullum in ya kashe inji tana koya masa, ta kuma sa Malam Tanimu ya hori 'yan wasa su riƙa fuskantarsa in za su yi magana. Sai dai a ranar wasa dole ta zauna a bencin gaba tana mayar masa da abin da aka faɗa da hannu, ga kuma rantsuwa a kanta. Ta karya, ta yi azumin kaffara a tsakiyar zafin bazara, tana tsohuwa, ana yi mata dariyar mai rantsuwar da ba ta kai ko'ina ba.

Ranar Sallah Azumi ta buɗe kwalla. Sallau ya leƙo da malafa, ido ɗaya a kan abokan wasa, ɗaya a kan yatsun Kubura, ya riƙa cafewa yana mayarwa har wani dattijo ya faɗo daga benci don dariya. Da aka gama ya cire malafar, ya ce zai saƙa sabuwa, wannan ta wadda ta dawo da shi ce. Ya sauko ya ajiye ta a kan bencin gaba, tsakanin su ukun, ya yi tafiyarsa.

Azumi ta ce da ba ta ƙwace ta ba, da tuni tana kan wani. Kubura ta ce da ba hannunta ba, da ya hau ya tsaya kamar turmi. Tabawa ta ce duk su yi mata shiru, da ba ta je ta maka kwano ba, da har yau ɗaya na gadin kwalla, ɗaya na gadin rantsuwa, kuma ita kaɗai ce har yanzu ba ya amsa wa gaisuwa.

To, ga malafa a kan benci. Wace ce a cikinsu za ta ɗauka?