Muryar Gwaggo Mai Tsintsiya

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Sufeto, alhali ko sau ɗaya bai taɓa saka kaki ba.

Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon katun na barkwanci da ake nunawa a talabijin tun muna yara. Labarin wani ɗan sandan ciki ne, gajere mai tumbi, Sufeto Tulu. Kullum sai ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, har sai matar da yake haya a gidanta, Gwaggo Mai Tsintsiya, ta nuna masa ɓarawon da bakin tsintsiyarta.

Baba shi ne muryar Sufeto Tulu. Matarsa ita ce muryar Gwaggo. Shekara tara suna zama kafaɗa da kafaɗa a wani ɗan ɗaki a gidan talabijin, makirufo ɗaya a tsakaninsu. In ta daka masa tsawa, "Sufeto, hular da kake nema tana kanka!" wani lokaci dariyar gaske ke ƙwace masa, haka ake barinta a ciki.

Allah ya yi mata rasuwa. Da gidan talabijin ya tashi zubar da tsofaffin kasakasai, Baba ya je ya kwaso guda arba'in da biyu, ya jera su a kwali, ya tura ƙarƙashin gado. Ba shi da injin kunna su. Sanin cewa muryarta na ciki ya ishe shi.

To, akwai ɗan ƙanwarsa, mai shagon gyaran waya da kwamfuta, ana ce masa Injiniya. Marigayiyar ce ta riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu, Inna yake kiranta.

Wata rana ya zo da murna. "Kawu, na samo irin tsohon injin nan. Ba ni kasakasan in juye maka a kwamfuta, ka riƙa jin Inna duk sanda ka so."

Ya buɗe ɗaya ya duba, ya girgiza kai. "Sai dai sun yi fumfuna. Sau ɗaya kawai za su iya bi ta cikin inji, daga nan sai su marmashe."

Baba ya miƙa masa kwalin ya ce, "To ka bi a hankali. Hoton bai dame ni ba, muryar nake so."

"Haba Kawu, ni za ka gaya wa? Uwata ce fa."

Wata guda, wata biyu, kullum amsar ɗaya ce: saura kaɗan.

Ranar nan 'yar Baba, malamar asibiti, ta shigo daga wurin aiki ko takalmi ba ta cire ba. Ta miƙa masa waya. "Baba, ka ga wannan?"

Bidiyo ne aka ɗora a intanet. Ga Sufeto Tulu nan fes, da tumbinsa da hularsa. Baba ya washe baki. Sufeto ya buɗe baki, sai ga muryar Injiniya. Gwaggo ta ɗaga tsintsiya, sai ga wata budurwa tana maƙe murya kamar an shaƙe ta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙi: murya da tsarawa, Injiniya.

Baba ya ɗauki sandarsa, sai shago.

Ya tarar da injin a kan tebur. Wayar hoto a jone take. Wayar sauti kuwa tana rataye a ƙusa, ko robar da aka ɗaure ta da ita ba a kwance ba. Kasakasan na cikin bokiti, duk sun zama gari.

"Ina muryar?"

Injiniya ya hau sosa ƙeya. "Kawu, sautin duk shuuu ne, 'yan yanzu ba za su saurara ba. Da na so in cire taka kaɗai in bar ta Inna, to makirufo ɗaya kuka yi aiki da shi, ba a iya raba su."

"Me ya hana ka juye ta ka ajiye mini, sannan ka yi abin da ka ga dama da hoton?"



Ni bari in gaya muku amsar da Injiniya ya kasa faɗa. In tsohuwar muryar na nan, wa zai saurari tasa? Jona waya ɗaya fa, jama'a! Da gangan ya ƙi. Wallahi ina rubuta wannan raina na ɓaci.

Baba bai zage shi ba. Ya dubi bokitin ya ce, "Sau biyu ke nan na rasa ta. Na farko Allah ne ya karɓi abinsa. Na biyu kai ne."

Malamar asibiti ba ta da haƙurin ubanta. Ta rubuta duk abin da ya faru a ƙarƙashin bidiyon. Masu kallo dama sun fara ƙorafi, sai suka yi caa a kan Injiniya. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Wata mata da ta zo karɓar wayarta ta ce masa, "Wanda bai riƙe muryar uwar riƙonsa ba, shi zai riƙe mini hotunan 'ya'yana?"

Bayan mako biyu wata tela ta yi sallama a gidan Baba, riƙe da ƙaramin kaset na rediyo. Ta ce ta ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, kuma tun tana yarinya ta taɓa kara rediyon babanta a jikin talabijin ta ɗauki muryar katun ɗin. Minti huɗu ne kacal, har ana jin mahaifiyarta na kiranta wanke-wanke.

Suna shirin kunnawa Injiniya ya shigo, ya rame, ya durƙusa a bakin ƙofa. "Kawu, ka yafe mini. Ka bar ni in ji ta ko sau ɗaya."

Baba ya danna. Muryar Gwaggo ta cika ɗakin, garau a cikin duk shuuu ɗin nan, tana yi wa Sufeto faɗa. Injiniya ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Rediyon ya yi ƙas, ya tsaya.

"Na yafe maka," in ji Baba. "Amma kaset arba'in da biyu na ba ka. Abin da ya rage mana na uwarka ke nan, minti huɗu. Su ma baƙuwa ce ta kawo."

Darasi: Abin da kake gani tsohon tarkace, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani a duniya. In aka damƙa maka amana, ka riƙe ta yadda mai ita ya riƙe ta, don ana yafe cin amana amma abin da aka ɓata ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda ke riƙe da kayan mutane a hannunsu.