Mabuɗin da Adawiyya ta ƙi buɗewa

Akwai wani Sharhabilu a unguwar Takur ta Dutse, gwanin kwamfuta, ko da yake bai kama ƙafata ba, ku ne dai ba kwa tambayata. Shi da ƙanwarsa Adawiyya ke kula da shafin wani ɗakin gwajin jini, inda mutane ke duba sakamakonsu ta waya.

Shafin yana da satifiket, wato shaidar cewa shi ne na gaskiya, satifiket ɗin kuma yana da fayil na mabuɗin sirri. Wanda ya samu mabuɗin zai iya kafa shafin bogi, ya kwashe sirrin marasa lafiya.

Rannan suka ƙunshe manhajar shafin cikin kwantena, wato ƙunshi guda mai sauƙin turawa, don a ɗora ta kan sabuwar saba, kwamfutar da za ta riƙe shafin. Sai manhajar ta ƙi tashi, wai ba ta da izinin karanta mabuɗin.

Sharhabilu ya ce, "Cusa shi cikin kwantenar, ki buɗe wa kowa izini. Mai ɗakin gwajin yana jira."

"Yaya, wallahi ba zan buɗe ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai ɗin fa. In ka ga dama ka kai ƙarata wurin Baba."

Ya figi babur ya tafi. Ita kuwa ta bar mabuɗin a wajen kwantenar, ta ba manhajar kaɗai izini, shi ma na karantawa kawai. Da ya dawo ya tarar shafi ya tashi, bai tambayi yadda aka yi ba, sai cewa ya yi, "Ai na san za ki sauko."

Ana nan sai surukinsa na Kiyawa ya roƙe shi kwafin manhajar, wai ɗansa yana koyon aikin. Wa zai kalli suruki ya ce a'a? Sharhabilu ya sunkuyar da kai, ya tura kwantenar ɗungurungum. Ɗan kuma ya watsa ta a zauren WhatsApp na ajinsu.

Da ya ji labari, Sharhabilu ya faɗo ofis gumi sharkaf.

"Mun shiga uku! Mabuɗinmu yana wayar kowane ɗalibi a Dutse!"

"Wane mabuɗin? Wanda na ƙi sakawa?"

Ya gyara hula. "Dama gwada ki na yi."

"To, Yaya. Gobe ma ka gwada ni, ba zan buɗe ba."

Darasi: Fayil ɗin sirri, mai aiki da shi kaɗai ake ba izini, ko wa ya matsa maka. Ku tura wa wasu, kuma wannan karon kada a goge sunana, ina ganin ku!