Mariƙin Tagulla da Baƙin Tiyo

Akwai wani saurayi da ya daɗe a birni, ran nan ya koma garinsu. Ya tarar an sare mangwaron ƙofar gida. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Mahaifiyarsa tana makabarta, manyan tukwanen da take dafa burkutu suna kife a bayan gida. Mahaifinsa kuwa ya mai da zauren ya zama mashaya irin ta birni: giya takan zo a ganga, ta bi ta tiyo, ta fito ta famfo mai mariƙin tagulla.

Kowace safiya tsohon yakan goge mariƙin nan da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli. Sa'an nan ya tsiyayi kofin farko ya shanye, kamar yadda matarsa takan ɗanɗana burkutunta kafin ta sayar wa kowa. Amma cikinsa ya daɗe yana murɗa, ya rame ƙwarai.

Masu sha suka riƙa tsokanar saurayin. "Ɗan birni, zo ka duba fuskarka a famfon babanka, ka ga ko birnin ya karɓe ka."

To, saurayin ya taɓa aiki a mashayar wani otel. Ya durƙusa, ya zare tiyon, ya leƙa. Ciki baƙi ƙirin, ga yauƙi, ga wari kamar na kwata.

Ya ce, "Baba, yaushe rabon da a wanke wannan?"

Tsohon ya ce, "Ba a wanke shi. Ka taɓa ganin uwarka ta kankare tukunyar tsimi? Na jiya ne yake ta da na yau."

"Wannan ba tukunya ba ce, Baba. Abin da ya kwana ya ruɓe a ciki, shi kuke sha da safe. Shi ne yake cin cikinku."

"Cikina nawa ne. Kai da ba ka zo jana'izar uwarka ba, yau kai za ka koya mini wanki?"

Saurayin ya mai da tiyon inda yake. Ya ce a ransa, "Ni dai baƙo ne, ba daɗewa zan yi ba."

Da ciwon ya kwantar da tsohon, saurayin ne yake goge mariƙin. Kowace safiya tsohon yakan kira daga ɗaki, "Ka goge?"

"Na goge, Baba."

"To, kawo mini na farko."

Shi kuwa sai ya kai masa. Kafin a yanke dawa aka binne tsohon kusa da matarsa. Masu zuwa gaisuwa suna wucewa ta zauren suna cewa, "Allah sarki, mutum mai tsabta."

Ma'anar wannan misali ita ce, mariƙin tagullan nan shi ne abin da mutane suke gani: farar rigarmu ta Lahadi, da muryarmu a cikin waƙa. Tiyon kuwa zuciya ce. Ba don in yabi giya na kawo misalin nan ba, ku bar giyar, ku dubi tiyon. Ƙiyayyar da ta kwana, da ƙaryar da muka saba da ita har muke ce mata hali, mu ne muke fara shan su kowace safiya, kafin su kai ga wani. Ubangiji ba mariƙi yake dubawa ba.

Amma kada ku tsaya kan tsohon. Akwai wanda ya leƙa, ya gani, ya faɗa sau ɗaya. Da maganar tsohon ta yi masa zafi, sai ya koma gugar waje, yana miƙa kofi. Ruwan zafi yana gidan, hannuwansa kuma lafiya lau. Idan kana da wani a gida da ka san abin da yake cinsa, kada ka ce kai baƙo ne.

Saurayin nan yana can yanzu yana ɗaure jakarsa, motar birni tana jira a tasha. Wanda ya sayi mashayar ya riga ya zo da tokarsa da lemun tsami. Tiyon yana nan yadda yake, har yanzu kuwa saurayin bai ce masa kome ba.